Amanar da ke Ƙarƙashin Mota

Idan mai a-kori-kura a Dassasgho ya kai motarsa canjin kuros ɗin farfela, ba ya shiga ƙarƙashinta ya duba. Kuros yatsu 4 gare shi, kowanne da hula cike da siraran allurai. In allura ɗaya ta kwanta wajen matsewa, bakanike kaɗai ya sani. Zai kwance ya sake, ko zai danna da guduma ya karɓi kuɗinsa? Motar dai za ta tashi. Sai an yi nisa a hanyar Fada N'Gourma da lodi da mutane farfela za ta fara rawa, har ta iya tsinkewa. A ganina, amanar mai sana'a tana wurin da babu mai kama shi sai kansa.