Fasali a kan yaro da abin da anka rubuta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, wani attajiri na kasuwar Isa ya tambaye ni: shin rashin ladabi ne a koya ma ƙaramin yaro ya tuhumci littafi? Ɗansa yana aji uku na firamare, malaminsu yana ce musu bayan kowane karatu: "Wa ya faɗa? Ina hujjarsa?"

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, malaman balaga sun ce labari shi ne zancen da ke iya zama gaskiya ko ƙarya. Tatsuniya ba ta ruɗin yaro, don ya san Gizo tun yana goye. Abin tsoro shi ne rubutun da ya zo da kamannin gaskiya: tarihi, takardar magani, lissafin bashi, saƙon waya da ke cewa 'yan bindiga sun tare hanyar Sabon Birni. A makarantar allo mun koya ma yaro girmama baƙi, har ruwan wankin allo ba a zubarwa inda ake takawa. Wannan haƙƙin Alƙur'ani ne. Amma yaro ba ya rarrabewa, sai ya ɗauki wannan girma ya ba kowace takarda, alhali Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin aiki da shi.

Magabata ba su bar baƙi babu ma'ana ba. Mai karanta Ahalari ko Ishmawi yana jan Larabci, malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa. Shehu Usmanu ya yi wa'azi da Hausa da Fillanci a ƙasar Gobir kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauyuka da waƙoƙi cikin harshen da mata ke ji. Da gwamnati ta buɗe firamare ga kowa a 1976, yara da yawa sunka koyi rera Turanci kamar aku.

Sai na ce ma attajirin: in yaronka ya karanta darasi a kan Gulbin Rima, ka rufe littafin, ya faɗa ma kakarsa da Hausa abin da ya ji. In ta gane, to ya gane. Sannan ka tambaye shi wane ne cikin zancen ya gani da idonsa lokacin ambaliya, wane ne sai dai ya yarda da marubuci. Tambayar kuwa ya yi ta a durƙushe, da tausasa murya. Wallahu a'alamu.