A Ci Moriyar Ganga A Ya Da Kwaurenta?

A bakin ruwa a Red Hook, wata unguwa ta birnin Niyu Yok a Amurka, akwai wani tsohon jirgin kaya na katako a ɗaure. Shi kansa jirgin shi ne gidan adana kayan tarihi. Ba shi da inji. Sunansa ma na kamfani ne da lamba: Lehigh Valley 79. Wanda ya shiga ciki sai ya ga kamar babbar rumfa ce a bisa ruwa, ga igiyoyi da ƙugiyoyi da kayan aikin 'yan dako na dā.

An gina shi a 1914. A zamanin nan yawancin hanyoyin dogo su kan ƙare a hayin Kogin Hudson, wajen Niyu Jasi, birnin kuwa yana ƙetare. Saboda haka a kan sauke kaya daga jirgin ƙasa, a loda a irin waɗannan jirage, wani ƙaramin jirgi mai inji ya ja su. Da hannu da kafaɗa a ke lodin, buhu buhu. A 1956 ɗaya daga cikin jiragen kwantena na farko ya tashi daga Newark. Kwantena da manyan motoci suka ƙwace aikin, aka watsar da jiragen katako, 'yan dako da yawa kuma suka rasa abin yi.

Wannan jirgi ya nutse cikin laka a Edgewater. A 1985 wani mutum, David Sharps, mai wasan nishaɗi, ya saye shi, ya kwashe laka wajen tan 300 daga cikinsa, har ya sāke tasowa. A 1994 aka kai shi Red Hook.

To, ya mai karatu, ga tambaya. Daidai ne a zuba kuɗi da shekaru a kan ruɓaɓɓen katako, alhali ga masu yunwa a birnin? Kada mu raina tambayar, gama mai yunwa ba ya cin tarihi. Da a ce dole a zaɓi ɗaya, sai mu zaɓi mutum, mu bar katako.

Amma bari mu duba abin da a kan ajiye. Takobin sarki a kan ajiye shi, haka rigar jarumi. Wa ya kan ajiye gammon ɗan dako? Birnin nan ya ci abincin da jiragen suka ƙetarar, masu arziki suka yi arziki, amma waɗanda suka sunkuya da buhunan ba a rubuta sunayensu a jikin gini ba. Yaron da ya tsaya cikin jirgin, ya ɗaga ƙugiya ya ji nauyinta, ya gane abinci ba ya zuwa kanti da ƙafarsa. Wanda ya koyi wannan tun yana ƙarami, da wuya ya raina lebura sa'ad da ya girma. Ashe mai yunwa ma yana da rabo cikin ajiyar nan.

Sai dai akwai haɗari. Jirgi ba ya tari da dare, ba ya neman magani, ba ya maimaita labari ɗaya sau goma. Girmama shi da sauƙi. Mutum ya iya shafa katakon yana jin tausayin mutanen dā, ya fito ya wuce tsohon lebura a bakin hanya bai ko gaishe shi ba. In haka ya faru, an ajiye kwauren ganga ke nan an ya da makaɗin.

Darajar mutum ba ta ƙare ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Idan katako da ya yi dako ya cancanci a tone shi daga laka, balle wanda ya loda shi. A gidanka ko unguwarku akwai tsoho ko tsohuwa da ka ci guminsu, yanzu kuwa an daina tambayarsu kome. Ka je ka zauna wurinsu makon nan, ka tambaye su aikin da suka yi, ka kuma duba ko sun ci abinci.