Kafin ka zaɓi bindiga, duba wanda zai riƙe ta

Wani ɗan uwa mazaunin jihar Texas a Amurka, mai aikin dare, ya aiko min da tambaya. Yana son ƙaramar bindigar da zai riƙa yawo da ita kullum. Wasu sun ce ya sayi Glock 19, wasu sun ce Sig Sauer P365 ta fi sauƙin ɓoyewa a ƙugu. Wai ya halatta? Kuma wacce zai ɗauka?

Dokar garinsu ba ta hana shi ba, domin tun Satumbar 2021 Texas ta bar wanda ya kai shekara 21, in ba shi da laifin da ya hana shi, ya ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba. Shari'a ma ba ta ce ka miƙa wuya ga azzalumi ba. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya hana wani mutum miƙa dukiyarsa ga mai ƙwace, ya ba shi izinin ya yaƙe shi, ya kuma sanar da shi cewa in an kashe shi a haka shahidi ne.

To amma malaman fiƙihu da suka yi babin daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai kawo hari, sun gindaya tsari: ana farawa ne da mafi sauƙi. In ihu zai kore shi, ba ka da ikon duka. In sanda ta wadatar, makami bai halatta ba. In ya yar da kayanka ya juya da gudu, jininsa ya koma haramun a kanka. An ba ka izinin tunkuɗewa ne, hukunci kuwa aikin alƙali ne.

Nan ne bindiga take ba ni tsoro. Sanda tana da daraja-daraja, kana iya bugawa a hankali, kana iya tsayawa. Harsashi in ya fita ya fita. Kuma ɗan fashi ƙila sau ɗaya zai tare ka a rayuwa, ƙila ma ba zai taɓa ba, amma fushi kullum yana tare da kai: a cunkoson motoci, a wajen wanda ya ci maka bashi, a cikin gida da iyalinka. Alƙaluman hukumar CDC na 2021 sun nuna mutum sama da 48,000 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu kansu suka harbe. Wanda ya san yana da saurin hasala, ko baƙin ciki yana danne shi har ya fara raina rayuwarsa, wallahi ni ban ga wata bindiga da ta dace da shi ba.

Wanda ya tsallake wannan, to ga ma'aunin zaɓe daga sunna. An umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya yanki wani. A yau ma'anarsa kube mai ƙarfi da ya rufe kunamar bindigar ruf, da akwatin ƙarfe mai makulli a gida saboda yara. Ka ɗauki wadda hannunka ke iya sarrafawa, wadda kake da kuɗin harsashin yin atisaye da ita, domin harsashin da ya kuskure yana huda bango ya sami maƙwabci, kuma kisan kuskure akwai diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. An kuma hana nuna ɗan uwa da makami ko da wasa. Masu ɗaukar hoto da ita suna ɗorawa a Facebook, ku ji fa.

Mutanenmu na Najeriya, kada wani ya ɗauki wannan ya ce malam ya ba da fatawa. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko a Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga saboda 'yan ta'adda, 'yan sanda cewa suka yi dakatar da bayar da lasisi tana nan. Halin mutanen ƙauyukan da ake kai wa hari mas'ala ce daban, tana buƙatar zama na musamman. Wallahu a'alam.