Tsoron da Yaro Ba Ya Iya Faɗa

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, akwai yara a gidajenmu da Allah Ya jarrabe su da lalurar da likitoci ke kira otizim, wasu kuma suke ce mata galahanga. Za ka ga yaro ba ya son haɗa ido da mutane, magana ta yi masa nauyi ko ta ƙi fitowa sam, yana maimaita abu guda, ba ya son a sāke masa abin da ya saba. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana ta a 1943, bayan ya lura da yara 11. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado yana da hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma maita ba ce.

To, ka sani, da yawansu suna ɗauke da wani nauyi na biyu, watau ciwon fargaba. A 2011 masana a Jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan suka tattara binciken da aka yi, suka tarar kusan 40 cikin 100 na waɗannan yara da matasa suna fama da shi. Wani abu guda yake tsoro, kamar kare ko allura, wani rabuwa da uwarsa, wani shiga jama'a, musamman in ya fara balaga ya gane ana yi masa dariya.

Dalili kuwa, ƙarar janareta ko injin niƙa da kai ba ka damu da ita ba, shi tana iya yi masa zafi a kunne. Sa'an nan in aka canza hanyar makaranta ba a gaya masa ba, sai hankalinsa ya tashi. Ga shi ba ya iya cewa "Baba, tsoro nake ji." Sai tsoron ya fito ta kuka, da toshe kunne, da buga kai, da rashin barci, da ƙin makaranta.

Mu kuma me muke yi? Sai mu ce taurin kai ne, a ɗauko bulala. In bulala ta kāsa, a ce iska ce, a kwashe shi sai gidan boka, a turara masa hayaƙi, wani har a sa masa mari. Haba jama'a! Laifi biyu ke nan a tafiya guda: an kai kuka ga mai da'awar sanin gaibu, an kuma zalunci yaron da alƙalami bai hau kansa ba. Wanda tsoro ya cika masa ciki, duka me zai ƙara masa in ba tsoro ba?

Ga abin da ya kamace ka. Na farko, ka lura da abin da ke faruwa kafin ya birkice, ka rubuta. Na biyu, ka tsara masa yininsa, ka sanar da shi tun da wuri in za a yi baƙi ko tafiya, ko da ta hoto ne. Na uku, ka ware masa wuri mai shiru. Na huɗu, ka kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Akwai hanyar da ake koya wa yaro gane tsoronsa, a riƙa kusanto da shi ga abin kaɗan-kaɗan har ya saba. A 2009 Jeffrey Wood na Jami'ar Kalifoniya ya gwada ta a bincikensa kan yara 40 masu shekara 7 zuwa 11, galibin waɗanda aka yi wa suka sami sauƙi. Neman magani ba ya rushe tawakkali. Ka yi masa addu'a, amma a hankali, ba da tsawa a kunnensa ba.

Kai kuma malamin Islamiyya, kada ka tilasta masa tashi karatu a gaban jama'a, kuma ka hana yara tsokanarsa. Amana ce, wallahi za a tambaye mu.

Allah Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya sanya natsuwa a zukatan yaranmu, amin.