Darasin Da Ke Cikin Filash: Tsintuwa Ce Ko Bashi?

Akwai tambayar da ke yawo tsakanin matasanmu masu koyon haɗa manhajojin intanet a Parakou da Djougou, amma ba kasafai ake yin ta da babbar murya ba. Darasin bidiyo na kuɗi ne, kai kuma ba ka da kuɗin, sai aboki ya zuba maka shi a filash, ko ka ɗebo shi kyauta a Telegram. Me ka aikata ke nan? Wasu sun ce sata ce tsagwaronta. Wasu sun ce ai ilimi ba ya satuwa. Ni dai babu amsar da ta gamsar da ni a cikin biyun.

Bari mu fara da halin da mai koyon yake ciki, don hukunci ba ya kyau sai an san yanayi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957. Kwas ɗin da aka yi wa rangwame a dandali irin Udemy ya koma yuro 15 ya kusa jaka goma ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Jamhuriyar Benin tun daga Janairun 2023 shi ne sefa 52,000. Wato kwas guda, a farashinsa na rangwame, ya kusa cinye kashi ɗaya cikin biyar na albashin wata. Ga kuɗin data, ga kuma matsalar biya, domin kuɗin yawancinmu a waya yake, a MTN ko Moov, alhali manyan dandalin katin banki suka fi sani. An buɗe Jami'ar Parakou a 2001, amma guraben koyon wannan sana'a sun fi yawa a Kwatano, tafiyar sama da kilomita 400 zuwa kudu. Yaron da ke Djougou da tsohuwar kwamfuta da kaifin basira, wa zai ce masa ya zauna ya naɗe hannu?

Hujjar masu cewa babu laifi tana da ƙarfi, kuma bai dace a raina ta ba. Wanda ya ɗauke buhun doya a kasuwar Arzèkè ya bar mai doya hannu rabbana. Wanda ya kwafi bidiyo kuwa ya bar mai shi da bidiyonsa. Ban da haka, ita kanta sana'ar a kan kyauta aka gina ta. Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, kuma ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sakar wa duniya fasahar ba tare da neman ko sisi ba. HTML da CSS da JavaScript ba gonar kowa ba ce. Mu ma a al'adarmu, ɗalibi yakan ari littafin malaminsa ya kwafe shi da hannu, ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo.

Sai dai a nan ya kamata a tsaya a tambaya, me mai kwas yake sayarwa? Bayanin JavaScript yana nan a shafin MDN na Mozilla, kowa ya je ya karanta. Abin da malamin ya sa wa farashi shi ne wahalarsa: ya zauna ya tsara abin da za a fara da abin da zai biyo baya, ya gano inda sabon shiga ke tuntuɓe ya share masa hanya, ya naɗi sa'o'i masu yawa, ya yanke, ya gyara, ya sake naɗa idan manhajar ta canza. Ruwan kogi na kowa ne, amma ɗan garuwa ana biyan sa. Kuma al'adar da ta yarda a kwafi littafi ita ce ta ajiye kuɗin Laraba, ta kuma tura almajirai gonar malam. Ba ta taɓa barin mai koyarwa da yunwa da sunan ilimi na Allah ne ba. Malaman zamani ma sun duba batun. A zamanta na Kuwait a Disambar 1988, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa.

Abin da ke sauƙaƙa mana yin kwafin, a ganina, nisa ne. Malamin yana Indiya ko Jamus ko Amurka, bai san mu ba, ba zai taɓa sani ba. To mu 'yan wannan yanki mun fi kowa sanin cewa nisa ba ya goge amana. Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, zango ce a kan hanyar goro daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Falke kan bar kaya ko bashi a hannun maigidan da ya sauke shi, ya yi watanni bai dawo ba, kuma babu ɗan sanda ko takardar kotu a tsakaninsu. Da a ce duk kayan da mai shi ya ba da baya sun zama tsintuwa, da ayari bai sake biyowa ta nan ba. Amana ba ta da wurin gwaji sai inda ido ba ya gani.

To ina batun larura? Larura gaskiya ce, amma ba ta kai faɗin da muke ba ta ba. Tun 2014 freeCodeCamp ke koyar da wannan sana'a kyauta. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard a buɗe yake ga kowa. Ga mai jin Faransanci akwai darussan OpenClassrooms, wanda ya samo asali daga Site du Zéro da Mathieu Nebra ya fara a 1999 yana ɗan yaro. Coursera na da tsarin neman tallafi ga wanda ba zai iya biya ba. Akwai kuma hanya mafi sauƙi da girman kai ke hana mu bi, wato a rubuta wa malamin a gaya masa gaskiya, a roƙi rangwame. Na ga kwamfutoci cike da kwasa-kwasai hamsin waɗanda masu su ba su kai ƙarshen ko ɗaya ba. Wannan ba yunwa ba ce, haɗama ce, kuma ba ta ma koyar da komai. Mai kwas ɗaya da ya ji zafin kuɗinsa ya fi kusa da ƙare shi.

Saboda haka ba na sa kowa a kwando ɗaya. Mai shagon da ke tura darussan wani a filash yana karɓar kuɗi, wannan yana cin gumin wani ne kai tsaye, ba shi da uzuri. Mai tarawa don tarawa, ya yi wa malamin asara, ya yi wa kansa. Na uku shi ne wanda ya nemi na kyauta bai wadatar da shi ba, ya nemi hanyar biya ta gagara, ya karɓi kwas ɗaya ya zauna ya koye shi. Wannan ba zan kira shi ɓarawo ba, amma kuma ba zan ce masa ya yi tsintuwa ba. Bashi ya ci, ba da izinin mai shi ba, kuma ya kamata ya ji nauyinsa. Ranar da aka biya shi kuɗin shafin farko da ya haɗa wa wata makaranta ko wani kantin magani, ya cire kuɗin kwas ɗin ya je ya saya, ko da ya riga ya haddace shi. Bambancin mai cin bashi da mai cin amana a ranar samu ake gane shi.

Akwai wani dalili da ya fi kusa da gida. Duk mai koyon wannan sana'a yana shirin rayuwa ne da abin da ake iya kwafewa cikin daƙiƙa. Gobe zai haɗa wa wani ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya, ɗan kasuwan ya tura wa ƙaninsa da surukinsa, ya ce ai ba a rage maka komai ba, taka tana nan. Da wane baki zai yi ƙorafi? Mun ga yadda masu kwafin faifai da masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Marubutan Hausa da ke sayar da littattafansu ta waya sun san zafin ganin aikin wata shida yana yawo kyauta kwana ɗaya da fitowarsa. Abin da ka shuka a matsayin ɗalibi shi za ka girba a matsayin mai sana'a.

Masu sayarwa ma da nasu kason. Farashin da ya zama kuɗin abincin rana a Faransa, a nan kuɗin cefanen kwanaki ne, kuma wanda ya buɗe kasuwa ga duniya amma ya ƙi duba aljihun mutanenta da hanyar biyansu, shi ma ya taimaka wajen haifar da kasuwar bayan fage. Sai dai laifin wani ba ya wanke nawa.

Bashin kuma yana da kashi na biyu da kuɗi ba ya biya. Wanda ya iya, ya zaunar da na bayansa a unguwar Zongo ya koya musu da Hausa ko Dendi, ya ɗora farashin da iyayensu za su iya, ya yafe wa wanda ba shi da shi. A lokacin ne zai san abin da sa'a ɗaya ta koyarwa ke ci, ya kuma san ko nawa ake bin sa.