Hukuncin mai ci-rani da zai shekara biyu bai zo gida ba

Tambaya: Malam, ni mutumin ƙasar Gwiwa ne, ina dako a kasuwar Mile 12 a Legas. Bisa al'ada nakan tafi bayan kaka, in dawo da faɗuwar damina. Bana na ƙudurta in yi shekara biyu ban zo ba, in kuma rage kuɗin cefanen da nake turawa, don in tara jarin buɗe shago a Kazaure. Ina da mata da 'ya'ya uku. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Neman halal da fita daga wahalar dako abin yabo ne, Allah ya cika maka buri. Amma ka haɗa abu biyu a tambayarka, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da yake haƙƙinka, kana da ikon ƙuntata shi. Ka kwana a rumfa, ka wuni a kan garin kwaki da ƙuli, ka yi salla da tsohuwar riga, babu laifi matuƙar ba ka cutar da lafiyarka ba, ba ka kuma tozarta salla ba.

Ciyar da iyali kuwa wajibi ne, gwargwadon samunka da abin da aka saba a garinku. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Jigawa ke bi, mijin da yake da hali ya hana matarsa ciyarwa, abin da ya hana bashi ne a kansa, daɗewa ba ta sarayar da shi. Kuɗin da ka zare daga hatsi da cefane da maganin yara ka zuba a adashi, kuɗin wasu ka tara. Na sha ganin irin wannan a ƙauyukan Roni da Babura: a bar mace a hannun uwar miji ana auna mata gero da kofi, rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka, ita ce surfe, ita ce daka a gidajen mutane, maigida kuma yana can yana lissafin jari.

Sai batun daɗewa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri babu miji, sannan ya sa wa mayaƙa wa'adin komawa gida. Wasu ruwayoyi sun ce wata huɗu, wasu wata shida, kuma Hanbalawa sun riƙi wata shida. Malamanmu na Malikiyya sun ce idan rashin miji ya kai shekara, matar ta cutu har tana tsoron faɗawa ɓarna, tana da damar kai ƙara ko da yana aiko da abinci. Alƙali zai aika masa: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sake ta. In ya ƙi, alƙali ya raba auren. Kiran waya da turo kuɗi ta POS suna rage kewa, amma ba sa sauke wannan haƙƙi.

Mafita ita ce ka zauna da matarka, ita kanta, ba da baffanta ko mahaifiyarka ba. Ka faɗa mata nawa kake son tarawa da yaushe za ka gama. In ta yafe wani abu daga nata da daɗin rai, ya halatta, kuma tana iya janye yafiyar game da abin da ke gaba duk ranar da ta ga ba za ta iya ba. Shirun kunya ko tsoron saki ba yarda ba ne. Rabon yara kuma ba ta da ikon yafe shi.

Saboda haka, shirinka yadda ka kawo shi bai halatta ba. Ka bar cefane yadda yake, ka riƙa zuwa gida ko da sau biyu a shekara, ka lissafa kuɗin motar cikin abin da shagon zai ci, ko da buɗe shi zai ƙara wata shida. Allah ne mafi sani.