Sirrin Matashi Mai Ɗauke da Ƙwayar Sida: Wa Ke da Haƙƙin Saninsa?

 

Ya ƴan'uwa, a shekarar 1987 aka fara tabbatar da cutar sida a ƙasarmu Nijar. A wancan zamani, wanda aka ce ya kamu da ita tun yana raye ake yi wa danginsa jaje, jaririn da ya same ta daga mahaifiyarsa kuwa ba a cika sa masa rai ba. A 1996 aka samo haɗin magunguna masu danne ƙwayar, daga baya suka iso mana, har ya zamana kyauta ake ba da su a gidajen likita. To, jariran da aka yi wa kuka jiya ga su yau sun zama samari da ƴammata, sun balaga, suna jin abin da kowane ɗan Adam ke ji, suna kuma son aure. Sai tambaya ta taso wadda kakanninmu ba su taɓa cin karo da ita ba: wannan sirri, wa ya wajaba ya san shi?

Na farko shi ne mai jikin kansa. Iyaye da yawa sukan ce wa yaro maganin ƙarin jini yake sha, ba don mugunta ba, sai don tausayi, da kuma tsoron ranar da zai ce: "Inna, daga ina na samo ta?" Amma yaron da ya kai shekara 15 bai san dalilin ƙwayar da yake haɗiya kullum ba, wata rana zai gaji ya jefar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da yaro a hankali, gwargwadon fahimtarsa, tun yana shekarun makarantar firamare. Muna cewa jiki amana ne, kuma haka ne. Sai dai yaya mutum zai tsare amanar da aka ɓoye masa? Idan ya sani, shi zai riƙe lokacin maganinsa, wanda ga mafi yawan mutane ƙwaya ɗaya ce rak a yini. Zai tanadi abin da zai ishe shi kafin ya tafi karatu ko ci-rani. Azumi in ya zo, zai shawarci likita a mayar masa da sha zuwa dare, ba ya ajiye maganin wata guda ba, domin tsallake-tsallake shi ke ba ƙwayar cutar damar bijire wa magani.

Maƙwabta da ƴan zaman majalisa kuwa ba su da rabo a ciki. Ba a ɗaukar ta a musafaha, ko kwanon tuwo, ko butar alwala, ko cizon sauro. Yaɗa zancen giba ce tsagwaronta, kuma ita ke sa matashi ya ƙi zuwa karɓar magani don kada a gan shi a layi.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wajen aure. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, sun lissafa aibobin da ake iya warware aure saboda su in an ɓoye: hauka, kuturta, albaras da ciwon al'aura. Manufarsu kada a cuci wani ta hanyar rufa-rufa. A ɗaya gefen kuma, manyan bincike da aka bayyana a 2011 da 2016 sun nuna cewa mai shan magani a kan ƙa'ida, har ƙwayar ta yi ƙarancin da awon jini ba ya ganinta, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Galibi cikin wata 6 ake kai wannan matsayi. Saboda haka wani saurayi zai iya cewa: tunda ba zan cutar da ita ba, don me zan tona wa kaina asiri, a hana ni mata?

Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ina jin zafin da ke cikinta. Duk da haka ban bi shi ba. Ɗaki ɗaya ba ya ɓoye kwalbar magani shekara da shekaru, kuma ranar da matar ta gano da kanta, ba cutar za ta fi yi mata ciwo ba, yaudarar ce. Sa'an nan magani na iya yankewa saboda tafiya ko rashin lafiya, a irin wannan lokaci tana da haƙƙin kare kanta, ko da kwaroron roba ne, har awo ya sake nuna lafiya. In kuwa amaryar ce mai ɗauke da ita, to ciki da goyo suna buƙatar hannun miji: ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna kamuwa, da magani kuwa adadin yakan sauka ƙasa da 5. Abin da ilimin zamani ya canza shi ne ma'anar labarin. A da faɗarsa tamkar sallama ce da aure; yau bayani ne na yadda za a zauna, a haihu, a tsufa tare.

Ba a ranar fara zance ake faɗa ba, ba kuma bayan ɗaurin aure ba. Idan magana ta kankama, kafin a kai sadaki, sai su biyu su je gaban ma'aikacin lafiya a auna kowa, domin sau da yawa wanda ake ji wa tsoro shi ma bai san halin jininsa ba. Wanda ya ji ya janye, haƙƙinsa ne, amma bakinsa ya ɗauru, ba shi da izinin kai zancen ko wajen mahaifiyarsa. Budurwa ta fi shiga tsaka mai wuya a nan, don sau da yawa waliyyi ne ke yanke magana ba a tambaye ta ba, ga kunya ta hana ta tambayar abin da ya shafi haila, ko ciwon sanyi, ko kwanciyar aure. Tana buƙatar wata babba mai riƙe sirri, gwaggo ko ungozoma ko malamar Islamiyya, wadda za ta raka ta gidan likita.

Liman mai ɗaura aure shi ma yana da abin yi. Ya isa ya tambayi ango da amarya, kowa a keɓe, ko sun je awo tare kuma sun amince da juna. Takardar sakamako ba sai an miƙa ta a zaure gaban wakilai da masu raba goro ba.